Hannun Alƙasum Bai Shanye Ba

Alƙasum taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, yana raye ko ya mutu. Tun muna yara muke jayayya a kan wane ne bawan wani, ba mu kuma gama ba har aka kai shi makwancinsa. Dogo ne siriri mai manyan kunnuwa, idan ka gaishe shi sai ya gama tunani kafin ya amsa. Na sha gaya masa cewa da a ce jira ibada ne, matarsa Hawa za ta riga kowa shiga Aljanna. Shi kuma yakan ce, ke Kadidiya, ranar da aka raba baki kin je da ƙwarya biyu.

Ƙauyenmu Tudun Anza yana arewa da Tawa, tsakanin Afala da Barmu. Wanda ya san ƙasarmu ya san dutse ce da tsakuwa da rana, gonar mutum sai ya kwashe duwatsu kafin ya sami wurin sa iri. Amma a cikin kwarin da ke yamma da gari akwai wani kurmi da muke kira Duhuwa. Daga kan tudu kana hango shi baƙi ƙirin, idan ka gangara ka shiga sai ka ji sanyi ya dafa maka kai. Akwai gawo a ciki da mutum uku ba sa kewaye shi da hannu, ga marke da giyayya da bagaruwa da tsamiya, ga magarya da aduwa a gefe. A tsakiya akwai tabki wanda ba ya ƙafewa sai rani ya yi nisa. Gauraki na ƙwai a bakinsa, barewa na sha, zabin daji kuwa har raina mutane suka yi. Kuma kowace shekara, idan an gama girbi gawo ya fitar da ganye, raƙuman dawa sukan zo su yi rani a ciki, su haihu, su tafi da faɗuwar ruwa. A zamanin da nake magana sun riga sun yi wuyar gani a Adar. Fatake sukan ce daga nan har inda suka fito ba su ga ko sawunsu ba.

Abin da ya tsare Duhuwa doka ɗaya ce: ƙarfe ba ya shiga. Gatari, lauje, wuƙa, kibiya, duk a kan wani falalen dutse da ke bakin kwari ake ajiye su. Mu mata muna shiga mu tsinci busasshen itacen da ya faɗi, mu karya da gwiwa, mu ɗebi magarya da aduwa, mu tsinki ganye da hannu. Tsofaffi sun ce wata yunwa ta taɓa cinye ƙasar nan, kakanninmu suka rayu da 'ya'yan itacen kurmin, da suka ga damina suka yi alkawarin ba za su ɗaga masa ƙarfe ba har abada. An kuma ce duk wanda ya saɓa, hannunsa zai shanye. Limaminmu bai taɓa musanta wannan ba, abin da yake cewa kawai shi ne alkawari kaya ne, musulmi kuwa ba ya yar da shi. Riƙon wannan alkawari yana hannun gidan maharba, gidan su Alƙasum, daga kaka zuwa uba zuwa ɗa.

Maharbi ne na gaske, can dajin arewa yake farautarsa, amma rabin rayuwarsa a Duhuwa ta ƙare. Kullum da safe sai ya kewaya ta kafin ya tafi gona, abin da ya sa gonarsa ta fi ta kowa ciyawa. Ya san wace bishiya ce ke ciwo, ya san inda barewa ta ɓoye ɗanta. Baƙin makiyaya idan sun sauka, shi ke zuwa ya gaishe su ya nuna musu falalen dutse. Ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba, ba a kuma taɓa ƙin jin maganarsa ba. Wata rana na tsare shi na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, ya taɓa ganin wanda hannunsa ya shanye? Ya yi shirun nan nasa har na fara hamma, sannan ya ce bai taɓa gani ba, ubansa ma bai gani ba, domin ba wanda ya taɓa gwadawa. Ya ce Duhuwa ba ta da shinge sai tsoro, shi kuma aikinsa gyaran shinge.

Ana 'yan shekaru da samun mulkin kai, wata ranar bazara muka ji ƙarar mota a kwari. Wasu mutane ne da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa, da igiyar awo, da turakun siminti. Suka ratsa Duhuwa da addunansu a kugu, ba su sari komai ba a ranar, suka kafa turaku a kusurwoyi suka tafi. Mai garinmu Ma'azu ya ce wani kamfanin auduga ne aka ba kwarin. Idan damina ta wuce za a kawo katafila ta tumɓuke itatuwa, a share ƙasa, a raba wa mutane fili su noma auduga. Ya ce an gaya masa ci gaba ne, shi kuma bai ga wurin da zai sa baki ba.

Alƙasum ya daina cin abinci. Hawa ta aiko mini in zo in ga bawana zai kashe kansa. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, kunnuwan nan sun ƙara girma saboda rama. Ya riga ya je wurin mai gari har mai gari ya fara ɓuya. Ya taka har gidan sarki, aka ba shi fura aka ce ya yi haƙuri, abin daga sama ya zo. Saura Tawa, shi kuwa idan ya shiga birni harshensa ɗaurewa yake yi. Ni dama nakan kai garin magarya kasuwar Lahadi, sai na ce ya ɗaura wa jaki kaya mu tafi, shi ya kawo fuskar tausayi ni in kawo baki.

A Tawa muka yi ta yawo daga wannan biro, wato ofishin gwamnati, zuwa wancan. Gardi ya ce kumandan, babban mai mulkin yankin, ya fita rangadi. Wani ya ce mu koma gobe, goben ta zo ya ce ba nan ba ne. Daga ƙarshe aka haɗa mu da wani magatakarda, Mushe Yohanna, Mushe kuwa malam ke nan a bakin Faransa, kirista ne mutumin Dogon Dutsi, saurayi mai kunya. Shi ne ya fara ba mu kujera. Na zuba masa magana tun daga yunwar kakanni har zuwa turakun siminti, bai katse ni ba. Ya ce akwai hanyar mai da wuri gandun daji na hukuma, amma kafin maganar ta je Yamai ta dawo, katafila ta gama aikinta ta huta. Sannan ya juya wajen Alƙasum ya rage murya.

“Baba, doka gona tas sani. Wurin da anka sare anka shibka, shi ad da mai shi, ba a taɓa shi sai da shari'a. Wurin da gatari bai taɓa ba daji na, daji kuwa na gwamnati na.”

Alƙasum ya ce, “To wurin da anka tsare ba a sare ba, Mushe, shi ba shi da suna?”

Yohanna ya ce, “Ba shi da shi, Baba.”

Gaskiya ya gaya mana, har yau ba ni da haushinsa. A lokacin maganar da ke bakin kowa ke nan, har a rediyo, cewa gona ta mai nomanta ce. Mu ma a al'adarmu haka yake tun fil azal: wanda ya fara sa gatari a daji gaban shaidu, wurin ya zama nasa da 'ya'yansa. Kakanninmu sun yi wa Duhuwa gata da hana ta gatari, ga shi rashin gatarin ya mai da ita marainiya.

A hanyar komawa, bayan mun wuce rabin tafiya, sai Alƙasum ya dakata. Ya tsai da jaki, ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasa da yatsa, ya zana wata a bayanta. Ya ce idan aka sare bakin Duhuwa kaɗai, aka kewaye ta da gona kamar ɗamara, aka shuka gero kafin masu auduga su dawo, katafila ba ta da hanyar shiga sai ta taka gonar mutane. Za a rasa gefe a tsira da ciki. Na ce masa ya haukace, shi da bakinsa ya gaya mini mene ne shingen. Ya ce ya sani. Ya ce in kawo wata dabara, ko wace iri ce, zai bi. Na buɗe bakin nan da ake cewa ƙwarya biyu ne, ban sami komai a ciki ba.

Mutum ɗaya ba zai iya kewaye kurmi da sara kafin ruwa ya sauka ba, kuma saran da ba shaidu ba sara ba ne. Saboda haka ya yi abin da kowane Ba'adare zai yi idan aiki ya fi ƙarfinsa, ya kira gayya. Ya bi gida gida. Mutane suka ƙi, kowa na duban hannunsa. Ya ce shi zai fara, idan akwai alhaki a kansa yake, su dai su biyo baya. Liman ya ce lalura takan halatta abin da aka hana. Hawa ta sayar da akuyarta, muka kwana biyu muna daka, aka dama fura tulu tulu, aka kira makaɗi.

Ranar gayya gari duka ya gangara kwari, har tsofaffin da ba sa fita. Alƙasum ya wuce falalen dutse da gatari a kafaɗa. Ya zaɓi wata bagaruwa a bakin kurmi, ya dafa ta ya yi magana da ba wanda ya ji, ya yi bismilla ya sara. Makaɗi ma sai da ya tsaya. Ba bishiyar ake kallo ba, hannunsa ake kallo. Ya sake sara, ya sake, har ta karkata ta faɗi, zabin daji suka tashi da kuka. Ya tsaya yana haki, hannu na nan yadda yake. Sai Tanimu ƙanen Hawa ya yi dariya ya tofa yawu a tafinsa, ganga ta tashi, maza suka bazu kowa ya kama yankinsa. A ranar na roƙi Allah a zuciyata ya sa ko kunama ta harbi taubashina a yatsa. Ko ƙaya ba ta soke shi ba.

Ruwa ya sauka, aka shuka. Ƙasar da ta shekara ɗaruruwa tana cin ganye ba a taɓa tambayarta komai ba, ranar da aka tambaye ta sai ta amsa da ƙarfi. Gero ya tashi ya fi mai raƙumi tsawo, zangarniya kamar damtse. Mu da muka saba da gonar tsakuwa ba mu taɓa ganin irinsa ba. Mutane suka riƙa gangarawa da yamma don kallo kawai. Na lura Alƙasum kaɗai ne geron nan ba ya sa shi murna.

Da kaka masu auduga suka dawo da motarsu, suka tarar da turakunsu cikin karan gero. Aka yi ta kai da kawo. Aka tara mu a ƙofar mai gari, kowa ya rantse ya ga sara ya ga shuka, wannan yankin wane ne, wancan na wane. Ba su ji daɗi ba, amma ba su so rigima da gari guda a kan kwari ɗaya. Daga baya muka ji sun sami wani kwari can kudu sun kai katafilarsu. Aka yi ta guɗa, mata suka sa sunan Alƙasum a waƙar daka, mai gari Ma'azu da ke ɓuya ya fito yana cewa dama shawararsa ce. Ni ma na yi rawa, na ce wa Alƙasum yau kam na 'yanta shi na yini ɗaya.

Tsugune ba ta ƙare ba. Alƙasum ya ɗauka idan haɗari ya wuce za a bar ɗamarar nan ta koma daji, kowa ya mai da gatarinsa kan falalen dutse. Ya tara mutane ya faɗi haka. Ashe mutane sun riga sun gama shawara. Wani ya ce idan aka bar gonakin, masu auduga za su dawo. Wani ya ce ai an rantse gaban hukuma cewa yankin nasa ne, yanzu ya koma ya ce ƙarya ya yi? Ba wanda ya yi masa rashin kunya. An gode masa ƙwarai, aka watse.

Da bazara ta zagayo, sai ya ga kowane yanki ya ƙara faɗi ta ciki. Taku kaɗan ne, wannan ya ce inuwar marke na cutar masa da shuka, wancan ya ce tsuntsaye daga giyayyar nan suke sauka. Mata suka fara shiga da gatari, don busasshen itace na ƙasa ya yi wuya, kuma wa zai karya da gwiwa alhali ga ƙarfe? Wani ya sassaƙa turmi daga kututture ya kai Barmu ya sayar, mako na gaba mutum uku suka zama masassaƙa. Masu jakuna daga Tawa suka ji labari, birni kuwa ba ya ƙoshi da itacen wuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowa ya san wanda ya tsaga wannan.

A nan ne taubashina ya yi abin da har yau idan na tuna ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Wata safiya ya fito da hannun dama naɗe cikin tsumma, rataye a wuya. Ya ce tun jiya ba ya jin yatsunsa. Labari ya kewaye gari kafin hantsi. Ya riƙa cin tuwo da hagu, ya bar gonarsa ba noma, Hawa na kuka da gaske don ita ma bai gaya mata ba. Ni kallo ɗaya na yi masa na gane, domin mutumin da bai taɓa ƙarya ba idan ya fara, kunnuwansa ma sai sun nuna. Na kama bakina, na shiga gida gida ina cewa ai dama abin ba ya gaggawa, a hankali yake bin waɗanda suka sara, ɗaya bayan ɗaya. Gatura suka yi shiru a kwari. Har Tanimu aka gani yana murza yatsunsa a ɓoye.

Ƙaryar ba ta kai ƙarshen damina ba. Takarkarin wani Buzu mai suna Sidi ya kafe a laka a bakin tabki, yana nutsewa, mutane suka taru da igiya ana ja ba ya motsi. Sidi ba shi da komai a duniya sai wannan sa. Alƙasum na tsaye a gefe da hannunsa a wuya, yana kallo, yana cije leɓe. Da laka ta kai wa san wuya sai ya fizge tsumman ya kama igiya da hannu biyu. Aka fitar da takarkari. Da aka gama haki, sai idanu suka koma kan hannun, lafiyayye, har ya fi ɗayan haske don ya huta. Wani ya fara dariya, sauran suka kama. Ba dariyar mugunta ba ce, shi ya sa ta fi ciwo. Daga ranar aka daina jin tsoron Duhuwa, aka kuma daina jin nauyin Alƙasum.

Ya koma roƙo. Mutumin da kallonsa kaɗai ke sa baƙo ya ajiye wuƙa, ya zama mai bin mutane gona gona yana haɗa su da Allah. Ya sake taka Tawa shi kaɗai, Yohanna ya rubuta masa abin da zai iya, amma yanzu doka na bayan masu gona, dokar da shi da kansa ya kira. Wata rana ya tarar da Tanimu ya tara kara a gindin babban gawon da ke kusa da tabki zai sa wuta, don gatari ba ya iya masa. Alƙasum ya je ya zauna a kan karan. Ina wurin, na zo ɗiban ruwa. Tanimu ya roƙe shi ya tashi, ya ƙi. Sai Tanimu ya ajiye wutar ya tsuguna gabansa.

“Yaya, kai kab buɗe muna ƙohwa. Mun bi ka muna jin tsoro, ga hannunka nan lahiya lau. Gonata ta tudu ba ta ba ni abin da za mu kai bazara. In na bar wurin ga, gobe wani na sare shi. Gaya mini abin da zan ce ma ɗiyana in tashi.”

Ban so Tanimu ba a ranar, amma ban iya ce masa maƙaryaci ba. Alƙasum ya zauna a kan karan har rana ta yi tsaka, Tanimu ya tafi gida. Aka bar gawon ranar, da washegari. Mutum ba ya zama gindin bishiya ɗaya har abada, kuma akwai wasu bishiyoyin da ake sara a ɗaya gefen. Kafin mako ya cika muka ga hayaƙi daga kan tudu, ya yi kwanaki yana ci.

Raƙuman dawa ba su san an canza doka ba. Shekarar farko sun zo sun ratsa karan gero sun shiga. Ta biyu sun zo sun ragu, suna firgita da ƙarar sara. Ranin da ya biyo bayan ƙona gawon, abin da ya rage na Duhuwa bai fi a tsaya a wannan gefe a hango wancan ba, tabkin ma ya ƙafe tun da wuri don ba inuwa. Muka ce ba za su zo ba. Sai ga su wata safiya, 'yan kaɗan, wata tsohuwar mace a gaba, da ƙaramin ɗa a bayanta. Suka tsaya a fili tsakanin kututture, dogaye, ba abin da ya rufe su, kowa na ganinsu daga ƙofar gidansa.

Kafin azahar magana ta fara yawo. Nama ne da zai ishi gari, fata ta yi takalma da garkuwa, gashin wutsiya kuwa ana nemansa a kasuwa. Aka ce wani ya tafi Afala aron bindiga. Ba wanda ya ɓoye wa Alƙasum, har wani ya tambaye shi, a matsayinsa na maharbi, ina ya fi kyau a nufa.

Alƙasum ya juya. Ya shiga gida ya ɗauki gora da tsohuwar garwa da sanda, ya gangara kwari. Muna kan tudu muna kallo. Ya nufi dabbobin nan yana dukan garwa yana ihu, shi da ban taɓa jin muryarsa ta wuce ƙofar gida ba. Suka ɗaga kai suna dubansa ba su motsa ba, sun saba da shi tun suna ciki. Ya yi ta duka yana tsalle yana kaɗa riga kamar mahaukaci, yara na dariya, har suka juya suka fara tafiya yamma. Ya bi su. Idan suka tsaya ya buga, idan suka karkato ya tare. Muka ga ƙurarsu ta haye tudu ta ɓace.

Kwanaki suka wuce ba labari. Hawa ta daina barci, mai aron bindiga ya dawo ya tarar ba abin harbi, ya yi ta zagi. Wasu makiyaya suka ce sun ga wani dogon mutum bayan Takanamat yana kora raƙuman dawa kamar mai kiwo, sun ba shi nono ya sha a tsaye.

Wata rana da la'asar Alƙasum ya dawo, ta bayan gari, gidana ya fara shiga don yana bakin hanya. Ba garwa, ba takalmi, ƙafafunsa sun tsattsage, leɓensa ya bushe ya yi fari. Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi ruwa, na kawo kasko na zauna ina wanke masa ƙafa ina cire ƙaya. Na so in tsokane shi, in ce yau uwargijiya ke wa bawa hidima, sai na fasa. Na tambaye shi ko sun tafi. Ya ce sun tafi, ya kai su har inda ba ya sanin sunan ƙasa. Na ce to alhamdu lillahi, ya tsirar da su. Ya girgiza kai.

“Tsohuwar ta ƙi, Kadidiya. Ko'ina munka kai sai ta juyo ta nuho gida. Na buga garwa har taf fashe, na yi kuwwa har murya ta mutu, tana tsaye tana kallona. Ta san ni. Gabana anka haihe ta.”

Na ce to yaya ya yi.

“Dutsi niɗ ɗauka,” in ji shi. “Nij jehe ta, yas same ta ga wuya. Ta tsaya, nis sake, har jini yaf hito. Sannan tat tahi, ba ta ƙara waigowa ba.”

Ya miƙa mini ɗaya ƙafar. Na ci gaba da cire ƙaya, ruwan kaskon ya yi ja, na zubar na ɗebo wani.